Kwaɗon da na sa wa ƙofar gidanmu

Sunana Rifkatu, amma a Jos Jarawa in ba ka ce Maman Godiya mai ɗinki ba, ba wanda zai nuna maka gidanmu. Na zauna rubuta wannan ne bayan maigidana ya samu sauƙi, domin har yanzu akwai masu yi mini kallon gefen ido a coci, wai ni ce matar da ta kulle mijinta ta hana bayin Allah yi masa addu'a. Gaskiya ne, na kulle shi. Zan faɗi yadda aka yi, ko wani gidan zai tsira da abin da mu ba mu tsira da shi ba.

Maigidan, Dattijo Ishaya, direba ne. Motar ma'aikata yake ja zuwa Kuru. Yakan fita gari bai gama wayewa ba, cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, ya dawo da yamma. In ya dawo ɗin ma ruwa kawai yake watsawa ya wuce coci. Yana cikin dattawan ikilisiya, makullan majami'a suna hannunsa, yana kwamitin gini, kuma in mata da miji sun yi faɗa shi ake kira. Asabar in ba biki ba to jana'iza. Lahadi kuwa, da ake ce mata ranar hutu, ita ce ranar da ya fi shan wahala: sujadar Turanci, sujadar Hausa, taron dattawa, sannan zagayen gaida marasa lafiya har rana ta faɗi. Na sha tsokanarsa cewa ranar da mutuwa za ta zo ma sai ya roƙe ta ta jira, yana da mitin. Sai ya yi dariya ya ce hutun Kirista yana sama.

Abin ya fara ne da ciwon kai ta ƙeya, wuya ya riƙe, sai jiri in ya miƙe. Abin da na fi lura da shi kuwa shi ne fushi. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai ga shi yana yi wa 'yarmu Godiya tsawa a kan ta motsa masa takalmi. In ya gama kuma sai ya zauna ya yi shiru kamar an yi masa mutuwa. Muka ce zazzaɓi ne. Na ja shi kemis ɗin Oga Emeka da ke bakin layinmu, ya ɗaura masa abin awon jini a hannu, ya duba, ya sake ɗaurawa.

"Madam," in ji shi da Hausarsa, "wannan ba malariya ba ne o. Jinin oga ya hau sosai. Kai ka kai shi asibiti, ni ba zan ba shi komai ba."

Maigidan ya ce to, sai bayan bikin godiyar kaka, domin shi ne ke shirya shi. Ba mu kai bikin ba. Wata safiya kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na hagu, ya buɗe baki zai yi magana, na ga bakin ya karkace. Na ƙwala wa Godiya kira, muka tare keke muka nufi asibiti.

Ba zan ɓata lokaci a kan layi ba, duk wanda ya taɓa yankar kati ya san shi. Ka bi layi ka biya, ka bi layi a tabbatar ka biya, sannan ka bi layin ganin likita. Hoton kai da aka ce a yi masa ya cinye adashin da nake shirin sayen sabon keken ɗinki da shi. Amma na gode wa Allah da likitar da muka samu, wata 'yar siririya mara yawan magana. Ta ce ƙaramar shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya kawo ta. Sai ta faɗi maganar da har yau ba ta bar kunnena ba.

"Mama, wannan ƙwanƙwasa ƙofa aka yi. In aka dawo, ba za a ƙwanƙwasa ba. Abu uku nake so: magani a kan lokaci, a rage gishiri, sai hutu. Na ukun ne na san zai ba ku wahala."

Na ce a raina, hutu ai shi ne mafi arha a cikin ukun.

Makon da muka yi a asibiti shi ne mafi sauƙin jinyar nan, ko da yake a kan tabarma nake kwana a gefen gado. Dalili, akwai wata nas mai faɗa da ba ta barin kowa ya shiga sai lokacin ziyara, lokaci na cika kuma ta kore su. A lokacin haushinta na ji. Bakin ya fara komawa daidai, hannun ya fara riƙe cokali, aka sallame mu.

Ranar da muka dawo gida, kafin in ajiye jaka, an yi sallama.

Ina so a fahimce ni, don ba na so a ce na ci na goge baki. Mutanen cocinmu sun yi mana abin da dangi ma ba kowa zai yi ba. An kawo lemu da ayaba har muka riƙa rabawa maƙwabta. An kawo acca, an kawo dankalin Turawa, wasu sun damƙa mini ɗan abin da Allah ya hore musu, kuma da shi na sayi maganin watan farko. Ba zan manta ba. Amma ga yadda gaisuwar take. Zumuntar mata za su zo da anko ɗinsu, su cika falo, a yi waƙa, a karanta Littafi, a yi addu'a. Kafin su gama, matasa suna tsakar gida suna jira. Bayan su mawaƙa, bayan su dattawa, bayan su direbobi abokan aikinsa, ga 'yan ƙauyensu da suka ji labari. Kowa kuma sai ya ga mara lafiyan da idonsa, in ba haka ba gaisuwa ba ta karɓu ba. Ni kuma ina kicin, domin ba a zo gidan dattijo a tafi ba a ko sha shayi ba.

Shi kuwa Baban Godiya, da ya ji sallama sai ya ce in miƙo masa kaftani da hula. Wai ba zai karɓi mutanen Allah a kwance da singileti ba. In sa masa riga, in kama shi zuwa falo, ya zauna a miƙe yana murmushi da rabin baki. In an ce a tashi a yi addu'a, ya tashi. In an gama, a ce Dattijo ya rufe mana, ya rufe. Wasu ma bayan "Allah ya ƙara sauƙi" sai su gyara zama su ce, "Af, Dattijo, maganar kwanon rufin cocin nan fa?" Wani ya kawo masa ƙarar matarsa yana zaune da abin awon jini a hannu.

Shawarwari kuwa ba a magana. Wannan ya ce tafarnuwa da zuma, wannan ya ce ruwan shuwaka da sassafe, wata ta kawo man zaitun daga wani wurin addu'a a unguwar Congo-Russia ta ce a daina ƙwaya, bangaskiya ta isa. Na karɓi man na gode mata, na ci gaba da ba shi ƙwayarsa.

Duk wannan da sauƙi a kan rakiya. A wurinmu ba ka barin baƙo ya fita shi kaɗai, sai ka taka masa. Maigidana kuwa a rakiya ba shi da na biyu, da lafiyarsa har bakin titi yake kai mutum. To yanzu ma haka. Kowace ƙungiya ta tashi, sai ya miƙe yana jan ƙafar hagu, ya bi su har ƙofar gida. Gidanmu a kan dutse yake, daga falo zuwa ƙofa gangara ce da matakala marasa daidai. Su ce, "Haba Dattijo, ka zauna," amma a bakinsu kawai, suna tafe suna hira da shi, suna jin daɗin an girmama su. Ya dawo yana haki, bai gama zama ba a sake sallama.

Na ce, "Baban Godiya, likita fa ta ce hutu."

Ya ce, "Ai hutawa nake, Maman Godiya. Kin ga na je aiki?"

Cikin mako na biyu da dawowarmu, Oga Emeka ya shigo ya auna shi, ya kira ni gefe. "Madam, yana shan magani kuwa? Jini bai sauka ba. Gidan nan kamar kasuwar Taminus, mutum zai warke yaya?" Na ji maganarsa, amma na rasa ta inda zan fara. Wa zan kora? Matan da muke zumunta tare tun ina amarya?

Ranar wata Lahadi bayan sujada, kusan rabin coci suka biyo ta gidanmu. Ya raka rukunin farko, ya raka na biyu. A na uku ne, yana kan matakala yana ɗaga musu hannu, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ina kicin na ji ihu. Na tarar da shi a ƙasa, hula ta yi gefe, bakin ya sake karkacewa, har ya fi na da. Waɗanda ya raka ɗin ne suka ɗauke shi zuwa mota.

Likitar nan ta dube shi, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta tambaye ni yadda yake wuni, na faɗa mata duka. Ta ce, "Kun yi sa'a. Ban san ko akwai sa'a ta uku ba." Wannan karon hannun hagu bai motsa ba sam. Na sayar da zannuwana biyu masu kyau, na ƙara da abin da ƙanina ya aiko, muka biya gado da magani.

Da aka sake sallamarmu, a hanya na ce wa mai keke ya tsaya. Na shiga shagon kayan gini na sayi kwaɗo babba. Muna shiga gida na kulle ƙofa ta ciki, na ɗaura makullin a bakin zanena. Na ɗauke wayarsa na kashe. Na ɗauke kaftanin da hular na kai ƙasan akwati.

Washegari zumuntar mata suka zo. Na fita na tsaya a bayan ƙofa, muna ganin juna ta tsakanin ƙarafan ƙofar. Shugabarmu, da muke kira Mama Zumunta, ta ce, "Maman Godiya, buɗe mana, mun zo gaida Dattijo."

Na ce, "Mama, na gode, Allah ya saka. Yana barci. Zan gaya masa kun zo."

"To mu shiga mu yi addu'a kawai, ba za mu daɗe ba."

Na ce, "Mama, ku yi a nan. Allah yana ji daga nan."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Suka dubi juna, suka yi gajeriyar addu'a a bakin ƙofa, suka juya. Na koma ciki na yi kuka a bayan kicin, sannan na wanke fuska na dama masa kunu.

Magana ta zaga. Wai na raina ikilisiya. Wai tun da na ga an kawo kuɗi na samu abin da nake so. Ɗinkin ankon Kirsimeti da nake yi wa zumunta kowace shekara, aka kai wa wata. Duk wannan na shanye. Wanda ya girgiza ni shi ne zuwan yayarsa, Yaya Hannatu. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba a yi mata musu a danginsu. Ta zo daga ƙauye da kaza a hannu, ta tarar da kwaɗo.

Na durƙusa daga ciki na gaishe ta. Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, likita ce ta ce..."

Ta ce, "Likita ce ta haife shi? Rifkatu, ni za ki hana ganin ƙanina? Me kike ɓoyewa a ciki?" Maƙwabta sun fara leƙowa. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "To ki ji da kyau. In Ishaya ya mutu a bayan kwaɗon nan, ke kika kashe shi, kuma a gaban dangi za ki faɗi abin da kika ba shi."

Duk matar aure a ƙasar nan ta san nauyin wannan magana. In ya mutu ƙofa a buɗe, a ce nufin Allah ne, a zo a yi mini ta'aziyya. In ya mutu ƙofa a kulle, ni da gidan nan da sunana mun gama. Na tsaya da makulli a hannu, har na kai shi bakin kwaɗon. Sai na tuna hular nan a ƙasa a gefen matakala. Na san in Yaya ta shiga yau, gobe dangi duka za su shiga, jibi coci. Na mai da makullin bakin zane na ce, "Yaya, na ji. Na ɗauka." Ta ajiye kazar a bakin ƙofa ta tafi gidan ɗanta a cikin gari.

A ciki ma ba sauƙi na samu ba. Makon farko Baban Godiya ya ƙi yi mini magana sai dole. Ya juya fuska bango. In ya ji ƙararrawar coci sai hawaye. Wata rana da hantsi ina shafa masa mai a hannun da ya mutu, sai ya ce, da maganarsa da ba ta fita sosai, "Maman Godiya, ni yanzu mene ne amfanina a wurin Ubangiji?"

Na ce, "Da kake jariri Yaya na goye da kai, wane aiki kake yi masa? Ba ya ƙaunarka a lokacin?"

Can ya ce abin da ya ba ni tsoro ya kuma ba ni tausayi. Wai ya gwada yin addu'a shi kaɗai ya kasa. Shekara da shekaru, addu'ar buɗe taro da ta rufe taro kaɗai yake yi. Yanzu da ba taro, ya rasa abin da zai ce wa Allah. Dattijo guda, mai makullan majami'a.

Ni ba fasto ba ce. Na ce masa to kada ya ce komai, ya kwanta kawai, ai Allah ya san inda yake.

A mako na biyu ya fara barci. Ban san mutum yana iya tara barci a jiki haka ba. Ya yi na safe, ya farka ya sha gwate mara gishiri yana ɓata fuska, ya koma. Da rana in fitar masa da kujera bayan ɗaki inda rana ke bugun dutse, ya zauna yana kallon ƙadangaru. Oga Emeka kaɗai nake buɗe wa, shi ma ya auna ya fita. Ran nan ya duba abin awon ya yi dariya. "Madam, kwaɗon nan ya fi maganina aiki o." Fushin nan ya tafi. Ya fara tsokanar Godiya. Wata yamma na ji yana magana ƙasa-ƙasa a bayan ɗaki, na zaci kirana yake, da na leƙa na ga idonsa a rufe, sai na koma da baya. Daga baya ya ce mini ba wata doguwar addu'a ba ce, cewa kawai yake, "Ga ni, Ubangiji," ya yi shiru. Ya ce tun yana saurayi rabon da ya ji zuciyarsa ta kwanta haka.

Coci kuwa ba ta rushe ba. An ba wani makullai, an yi bikin godiyar kaka, an ma rufa kwanon. Da Godiya ta kawo masa labari na ga abin ya ɗan sosa masa rai, sannan ya yi dariya har da tari.

Wajen wata guda da sa kwaɗon, Yaya Hannatu ta dawo. Wannan karon ba ta ɗaga murya ba. Ta rame. Ta ce, "Rifkatu, ba na barci. Ki bar ni in gan shi ko daga bakin ƙofa ne." Na ga tsohuwar nan ba mugunta ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa ba, tsoro ne irin nawa. Na ce, "Yaya, zan buɗe. Amma yana barci, kuma ba za a tashe shi ba." Ta ce ta yarda.

Ta shiga ɗakin a hankali ta zauna a kan kujerar ɗinkina. Yana kwance da singileti, baki a ɗan buɗe, yana minshari da tsakar rana. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce da ni a hankali, "Tun yana yaro rabon da in ga Ishaya yana barci da rana." Ta share ido da bakin gyale. Ba ta yi waƙa ba, ba ta ɗora masa hannu ba. In ta yi addu'a, a cikinta ta yi.

Da ta miƙe za ta tafi, kujerar ta yi ƙara, ya buɗe ido. Yana ganinta ya fara kiciniyar tashi, yana laluben takalmi da ƙafa.

"Yaya! Maman Godiya, ina rigata? Bari in taka mata."

Yaya Hannatu ta sa tafin hannu a ƙirjinsa ta mai da shi kan filo, kamar yadda na tabbata ta sha yi yana ƙarami.

Ta ce, "Kwanta, Ishaya. Na san hanya."

Ba ta koma ƙauye ba sai bayan mako biyu. Ta ɗauki kujera ta zauna a bakin ƙofa, ita ke karɓar gaisuwa ta sallami mutane, kuma ba wanda ya isa ya ce da ita uffan. Ranar ce ni ma na fara barcin rana.

Yau Baban Godiya yana tafiya da sanda, maganarsa ta dawo. Yana zuwa sujada ɗaya, ya zauna a bencin baya, ya dawo gida ya kwanta. Ya ce sai yanzu yake jin wa'azi daga farko har ƙarshe. Tuƙi kam ya ƙare, domin hannun hagu bai dawo ba. Ciwon farko ya bar masa shi, faɗuwar nan ce ta tafi da shi, a kan matakalar gidansa, yana raka masu yi masa fatan sauƙi. Ina gode wa Allah da ya bar mini shi da rai. Ina gode wa likitar nan, da nas mai faɗa da na ji haushinta a banza, da Oga Emeka, da ikilisiyarmu da ta ciyar da mu. Mama Zumunta ta dawo mini da ɗinki bana, ko da yake ba mu taɓa tada maganar ba. Wasu har yanzu gaisuwarmu sama-sama ce, na bar su da Allah.

Ba na ce a daina gaida marasa lafiya ba. Ku je, ku kai lemunku, ku yi addu'arku gajeriya. In an ce yana barci, ku gode wa Allah ku juya. In kuma kun shiga, kuka ga ya fara laluben takalmi zai raka ku, kada ku tsaya a "haba, ka zauna" ta fatar baki. Ku sa hannu ku mai da shi kan filo. Ai kun san hanya.